Ƙwan kazar Sabuwa sun fashe

Zuwa ga ɗana Aƙilu a Kwatano. Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah shi tsare, shi ƙara rufin asiri. Mu nan Malanville lafiya lau, sai zafin bazara. Ramatou matar ƙanenka Jabiru ita ka rubuta mini, na kuwa ce kar ta gyara mini magana.

Ka san kajin nan masu tukku da marigayiya uwarka Sabuwa ta zo da irinsu daga Toumboutou ranar da anka kawo ta gidana. Kowace jika mace sai ta ba ta budurwar kaza guda, ɗiyarka Kamila kaɗai ta rage ba ta samu ba. To, muzuru ya kashe kazar ƙarshe tana bisa ƙwai tara. Babu wata kaza mai kwanci a unguwa, dole na yarda anka sa su cikin injin ƙyanƙyasar da ka aiko, wanda na ce ba ni so.

Ramatou kullum tana leƙa lambobinsa. Ta ce zafi ya yi daidai, amma laima ta yi ƙasa, sai an zuba ruwa a ɗan farantin ciki, in ba haka ba ɓawo shi yi tauri 'yan tsaki su kasa fitowa. Na ce ruwa da ƙwai ba su gamuwa, munka yini muna ja. Da la'asar ina alwala sai idona ya faɗa bayan randa, inda ƙasa ba ta bushewa. Nan kajin uwarka ka kwanci tun fil azal, in bazara ta tsananta Sabuwa har yayyafa wa wurin ruwa takan yi. Na ce wa Ramatou ta zuba, ba don inji ya faɗa ba, don Sabuwa ta riga shi.

Ranar kasuwa kuma wuta ta ɗauke, lambobin sunka mutu. Na lulluɓe injin da bargo, lokaci lokaci in ɗora ƙwai bisa fatar idona, yadda uwata ta koya mini, in ji ko ɗumin na nan. Ramatou ta ce buɗewar da nike yi ita ka fidda zafin. Na rage, amma ban bari ba. Mai haƙuri shi ka dafa dutse.

Shekaranjiya biyar sun fashe, 'yan tsaki sun fito, huɗu Allah bai nufa ba. Guda ja ce, da ɗan tudu a ka inda tukku zai fito. Wannan ta Kamila ce. Ba ni aiko ta a mota, kakarta hannu da hannu take bayarwa. Ka kawo mini yarinyar da hutu, tun ina da hannun miƙawa.

Ka gaishe da matarka Husna, da kawunka Ɗan'iya. Jabiru da Ramatou na gaisuwa.

Ni ne tsohonka,
Malam Dogo