Abin da ke ƙarƙashin tayil

Lahadi, 5 ga Maris

Bakina ya sake jawo mini. Ni Eusebio Ledesma, shekara hamsin da takwas, wanda ya tsaya a aji biyar na firamare, wai zan zauna jarrabawar Italiyanci a watan Yuni.

Muna gashin nama a tsakar gida 'yata Griselda ta kira daga Udine, can Italiya. Aka jingina wayar da kwalba kowa na ganinta. Ta ce ciki gare ta, Oktoba za ta haihu. Uwarta Nélida ta fashe da kuka, cokali a hannu. Sai Griselda ta ce, "Mama, ke na san za ki zo. Baba kuwa ba sai na tambaya ba." Ba da faɗa ta yi maganar ba. Da ma da faɗa ne.

Remigio, ƙanin Nélida, ya cafe. "Suruki, ai kai ko takardar zama ɗan ƙasar Italiya ba ka da ita. Mu jikokin Bortolussi, da kakanmu ya zo daga can, da ita aka haife mu. Ku da kuka auro, sai kun ci jarrabawa." Na ce Italiyancin me? Ai yarenmu ne, motsin hannu kawai ake ƙara masa. Na ce in na faɗi zan sa masa tayil a tsakar gidansa kyauta, har bakin akurkin kaji. Ya ce kowa ya shaida. Griselda ta ce, "Za mu gani," ta kashe.

Naman ma ya ƙone.

Talata, 7 ga Maris

Aji na farko, a zauren ƙungiyar 'yan Friuli, masu asali da yankin Italiya da Griselda take. Mu tara, duk sun isa su zama 'ya'yana. Malama Ornella guntuwa ce, murya kamar injin yankan tayil. Ta raba mana takarda: aikatau guda ɗaya tal, "tafiya", an jujjuya shi ya cika shafi biyu. Yanayi bakwai, lokuta ashirin da ɗaya. Na ce, "Malama, duk wannan don mutum ya tashi ya je wani wuri? Shi ya sa ni nake zaune." Aji ya yi dariya. Ita ta ce, "Malam Ledesma, wasa ba ya cikin jarrabawa."

Alhamis, 16 ga Maris

Gwiwa na ciwo, kai na ciwo. Sunayen lokutan aikatau ba sa zama mini, na raɗa musu nawa. Akwai jiya na kusa. Akwai jiya na nesa, wanda sai littattafai da tsofaffi. Akwai jiyan da ake ta yi ba a gama ba. Akwai "da a ce". Akwai na ƙila-wa-ƙala, wanda ake shiga in mutum yana fata ko tsoro ko shakka, wato duk rayuwata. Na umurni kaɗai na kama nan take. Shekara talatin da uku Nélida na koya mini shi.

Laraba, 29 ga Maris

Ranar nyoki, 'yan curin dankali da fulawa da muke ci duk ashirin da tara ga wata. Remigio ya zo ci da tef ɗin awo a aljihu. Wai ya auna tsakar gidan, murabba'in mita arba'in da biyu, kuma jan tayil yake so. "Ka ci da kyau, suruki, durƙuso na jiranka." Na ce ya fara koya wa kajinsa cire takalmi.

Talata, 11 ga Afrilu

Na samo dabara. Ba na iya riƙe abu daga takarda, amma duk abin da na rubuta a bango da fensirin kafinta yana zama. Haka nake yi da awo tun ina yaro. To yanzu a gidan da nake aiki a unguwar Echesortu, na cika bangon banɗaki da aikatau, daga ƙasa har inda hannu ya kai. Ni, kai, shi, mu, ku, su. Ina shafa siminti ina karantawa, in ɗora tayil a kai. Layin da na rufe, dole ya zama ya shiga kai, don ba zan sake ganinsa ba.

Matar gidan ta leƙo ta ce, "Maigida Eusebio, tsafi kake mini?" Na ce a'a uwargida, ilimi nake binne miki, duk wanda ya yi wanka a nan zai fito da digiri.

Asabar, 22 ga Afrilu

Na binne "da a ce" gaba ɗaya a bayan wurin wanke hannu kafin ya zauna. Yau na nema a kai, wayam.

Alhamis, 4 ga Mayu

Gwajin aji: sha ɗaya cikin talatin. Malama Ornella ta tsare ni a ƙofa. Ta ce baki ina da shi, kunya ce ba ni da ita, kuma hakan na taimako, amma ina cusa kowane aikatau a lokacin yanzu kamar wanda ba shi da jiya. Na ce jiyan ne ba na son ziyarta. Ta dube ni ta saman tabarau, ba ta yi dariya ba.

A gida Nélida ta ce, "Tsoho, in ka gaji ka bari. Yarinyar ba takarda take nema a wurinka ba." Na ce to me take nema. Ta ci gaba da gugarta.

Lahadi, 14 ga Mayu

Griselda ta kira. Cikin ya fito. Na gaishe ta da Italiyanci, na jera mata "tafiya" a lokaci mai zuwa ba tuntuɓe: zan tafi, za ka tafi, zai tafi. Mijinta Tiziano ya tafa mini. Ita ta ce, "Ka iya faɗa, Baba." Shi ke nan. Sai ta koma hira da uwarta kan kayan jariri.

Na lura da daɓen kicin ɗinsu a bayanta. Wanda ya sa tayil ɗin nan ya cancanci ɗauri.

Talata, 30 ga Mayu

Ban je aji ba. Bari in rubuta, ko na samu ya sauka.

Da safe aka kira ni wani gida a unguwar Alberdi, famfo ya fashe a cikin bangon kicin. Ni na sa tayil ɗin shekara shida da suka wuce, shi ya sa suka neme ni in cire ba tare da na farfasa ba. Sai da na shiga na gane gidan.

Marigayi Don Casimiro, wanda ya koya mini sana'a, ya ce magini ba ya ɗora tayil na ƙarshe sai ya rubuta sunansa da kwanan wata a bangon, da duk abin da ke ransa a ranar. Dukanmu da muka fito hannunsa muna yi. Yawanci shirme ne: sakamakon ƙwallo, farashin nama, zagin mai gida. Ba mai karantawa.

Famfon a kusurwar ƙarshe ya fashe. Na ɗaga tayil, ga rubutuna, fensirin ko dishewa bai yi ba. Mai gyaran famfo, wani ƙato da ake kira Chiche, ya riga ni karantawa, da ƙarfi kuma: "E. Ledesma. Yau Griselda ta tafi. Na ce mata aiki ya riƙe ni. Ƙarya ne, tun sha ɗaya na gama." Ya ce, "Kai, wace ce Griselda, tsohon banza? Matarka ta sani?" Na ce 'yata ce. Ya shiga neman sifana da ke hannunsa.

Ranar nan kowa ya raka ta tashar mota zuwa filin jirgi, har Remigio. Ni ina zaune a kan bokitin siminti a kicin ɗin mutane har la'asar, don na ce mata wanda ya bar garinmu Rosario ya bar mu, kuma ban san yadda ake janye magana ba.

Chiche ya ce dole ya fasa wurin. Na ce ya dakata. Na sa kurfi na yanko filastar a hankali, ta fito guda, kamar tafin hannu biyu. Tana cikin akwatin kayan aiki, a naɗe da tsohuwar riga.

Alhamis, 8 ga Yuni

Jarrabawa. Sanyi kamar me. Na rubutu ya kashe ni: guraben da za a cike suna kallona, ni ina ganin bangon banɗakin Echesortu da tayil a kansa, fari fat.

A na baka, wata mata mai furfura ta ce in ba ta labarin wata rana da ba na mantawa. Na shirya labarin ranar aurena, har da barkwanci biyu. Na buɗe baki sai kicin ɗin Alberdi ya fito. Na faɗa mata duka. Jiya na kusa, jiya na nesa, na cakuɗa su kamar yashi da siminti. Har "da a ce" da na binne ya taso da kansa: da a ce na je. Ta daina rubutu tana kallona. Da na gama ta ce, "Ita ta sani?" Na ce wannan ma cikin jarrabawar yake? Ta ce a'a.

Baƙuwa, da yaren da ban iya ba. Ga wadda na iya faɗa wa.

Talata, 29 ga Agusta

Sakamako ya fito. Na ci na baka da maki mai kyau, na faɗi na rubutu da maki biyu. Biyu! Remigio ya zo cin nyoki da samfurin jan tayil a leda. "Ba gaggawa, suruki, gobe ma ta yi." Malama Ornella ta aiko cewa akwai wani zama a Disamba. Na ce zan yi tunani. Na riga na biya.

Lahadi, 3 ga Satumba

Nélida za ta tashi ashirin ga wata. Ta tarar da tikiti biyu a kan firji, sai ta ƙara mini nama. Na ce kada ta ɗauka wani abu ne, daɓen kicin ɗin nan nake son gani da idona, jikana ba zai yi rarrafe a kan karkataccen tayil ba. Ta ce, "Haka ne, tsoho." Ta ga abin da ke naɗe a tsohuwar riga a ƙasan jakata. Na san ta gani, don ta sake naɗe shi da tawul mai kyau.

Ban gaya wa Griselda na faɗi ba. Ban gaya mata komai ba tukuna. Wannan ba ta waya ba ne, kuma ba da Italiyanci ba.

Gobe da bakwai ina gidan Remigio. Murabba'in mita arba'in da biyu, kwana sha shida, gwiwa ɗaya da rabi. Ya ce me zan rubuta masa a ƙarƙashin na ƙarshe. Na ce suna da kwanan wata kawai. Sauran maganar akwai mai ita, shekara shida tana bina bashi.