Tasha ta Tara

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

Na iso Kazaure bayan azahar, ana yayyafi. Umma ta rame, amma bakinta yana nan. Ta tambayi abin da ya kawo ni tsakiyar damina, na nuna mata wasiƙar. Ƙungiyar masu binciken teku ta zaɓe ni in gabatar da laccar girmamawa ta bana, wadda ake ba mace ɗaya kowace shekara. Watan Oktoba, a Dakar, minti arba'in da biyar. Ta jujjuya takardar ta ce, "Wato surutun shi ne kyautar? Ai da ni suka kira." Na yi dariya, ta farko tun da wasiƙar ta zo.

A Legas na kasa rubuta ko layi ɗaya. Nan babu teku, na ce ko zan iya.

Laraba, 6 ga Agusta

Shafi ɗaya. Na yaga.

Aikin da ake yabo a kai, na yadda iskar da kifi ke shaƙa take raguwa a inda kogin Neja ya shiga teku, rabin alƙalumansa na Christy ne. Ita ta ɗebo ruwan, ita ta auna. Christy Monday. Shekara bakwai ban rubuta cikakken sunanta da hannuna ba. Benci ɗaya muka zauna a firamare a garin nan, mu biyu 'yan tudu da ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Kazaure ba, kuma cibiyar bincike ɗaya ta ɗauke mu aiki.

Sunana kaɗai ne a wasiƙar.

Juma'a, 8 ga Agusta

Ina neman ma'aunin wata rana da ya ɓace a littafinmu, dole na buɗe tsofaffin saƙonnin muryar Christy. Haka take yi in tana kan ruwa: duk inda kwale-kwale ya tsaya ɗibar ruwa, wanda muke ce wa tasha, sai ta karanto mini da Hausa don kada masu tuƙi su gane tsokanar da take yi musu.

"Sa'a, tasha ta huɗu, zurfi mita talatin, kuma direban nan bai yi wanka ba."

Na kashe. Bayan la'asar ina alwala na ɗanɗani gishiri a ruwan butar. Na tambayi Umma, ta kurɓa ta ce ruwan rijiyarta lafiyarsa ƙalau.

Asabar, 9 ga Agusta

Ba komai. Na wanke wa Umma kai.

Lahadi, 10 ga Agusta

Mun je suna Roni. A hanya gero ya yi tsayi, iska na kaɗa shi hagu da dama har iyakar gani. Sai na ji kamar ina kan jirgin ruwa. Na sa aka tsayar da mota na yi amai a bakin gona. Mata suka fara kallon juna da murmushi. Na bar su da zatonsu.

A dawowa, wajen dam, wata mata ta tsaya da rigar ruwa ruwan ɗorawa, ta ba mu baya. Na san ba Christy ba ce. Na sani. Amma na riƙa waiwaye har muka sha kwana.

Talata, 12 ga Agusta

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda ba mai karantawa.

Ranar fitata kan ruwa ce. Na ce wa Christy kaina na ciwo. Kaina ba ya ciwo, fom ɗin gurbin karatu a waje nake son cikewa, washegari za a rufe karɓa. Ta ɗauki kwalabena na ɗibar ruwa ta tafi a madadina. Hadari ya taso musu a tasha ta tara, kwale-kwalen ya kife. An tsamo maza uku. Ita kwana shida ana nema, ba a same ta ba.

Gurbin karatun na samu. Daga ranar ban sake hawa ruwa ba. Ina zaune a ɗakin gwaji, ɗalibai na kawo mini teku a kwalba, ana ce mini Dakta.

Alhamis, 14 ga Agusta

Umma tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce, "Baban Christy yana nan fa, a rumfarsa ta gyaran keken ɗinki. Duk sallah sai ya aiko a gaishe ni. Yakan tambaye ki." Na ce aiki ya yi mini yawa. Ta ce, "Uhm."

Asabar, 16 ga Agusta

Na je.

Ya tsufa, tabarau biyu yake sawa ɗaya kan ɗaya. Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni." Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Sa'adiyya. Ke ce?" Ya share mini benci da tsumman mai.

Na so in fara da laccar, sai bakina ya fara da ciwon kan. Na faɗa duka, idona a kan wani zare da ke ƙasa. Da na gama, ya ci gaba da ɗaure wani ƙusa har ya gama.

Sai ya ce, "Ta kira ni da safen ranar. Ta ce Sa'a na cike takarda, wai kanta na ciwo. Dariya take yi. Ta ce in taya ki addu'a ki samu."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ya ce, "Wannan bai taɓa damuna ba, 'yata. Abin da ya dame ni, ke kaɗai a garin nan kika san inda take, kuma shekara bakwai ba ki zo ba. Mamanta ta rasu tana tambaya." Bai ce ya yafe wannan ba. Ban roƙa ba, ban ga fuskar roƙo ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

Ta sani. Tana ɗaukar kwalaben ta sani.

Na rasa ko sauƙi na ji ko nauyi ya ƙaru.

Talata, 19 ga Agusta

Na koma da taswira. Bai taɓa ganin teku ba. Na ɗora yatsansa a kan wurin, ya ce, "Yaya ruwan yake a nan?" Na ce saman ja ne saboda lakar kogi, ƙasa kuma kore ne mai sanyi, kuma da safe tsuntsaye na bin kwale-kwale. Ya ce, "Lakar daga ina?" Na ce daga arewa, kogi ke kwasowa. Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa.

Ya ce ko ina da muryarta. Na kunna masa na direban da bai yi wanka ba. Ya yi dariya har ya cire tabarau duka biyun, daga nan dariyar ta zama wani abu. Wata mata ta zo karɓar kekenta, ta gan mu, ta juya.

Ya sa na kunna sau huɗu.

Juma'a, 22 ga Agusta

Shafi tara. Na rubuta wa masu shirya taron cewa a sa sunan Christy gaba da nawa a kan laccar, in ba haka ba su nemi wata. Ba su amsa ba tukuna.

Da Hausa nake fara rubutawa, in karanta wa Baba, sannan in juya zuwa Turanci. Inda bai gane ba yakan ce, "Sake." Yawanci shi ke da gaskiya.

Litinin, 25 ga Agusta

Gobe Legas. Umma ta cika mini jaka da kuka da daddawa kamar can yunwa ake yi.

Ukasha, mai tsara fitar jirgin bincikenmu, ya kira da hantsi. Yana haɗa sunayen masu fita a watan Nuwamba, za su bi tsofaffin tashoshin nan duka goma sha biyu. Ya ce, "Dakta, na tsallake ki kamar kullum ko?"

Ban ce zan je ba. Na dai ce kada ya tsallake tukuna.