Rinin Ɓawon Albasa

Keita.

Zuwa ga ƙanwata Raihanatu, bayan gaisuwa mai yawa. Barka da arziki, Allah Ya raya ɗiya. Tun da na ji bakwaini ce, ga kuma sanyin bana, hankalina bai kwanta ba. Tunda wayarki ba ta samun rezo a ƙauyen nan naku na bayan Bangi, na ba Iro direba wannan takarda tare da ƙunshi. A ciki akwai hula da ƙaramin tiriko, wato rigar sanyi, na saƙa su da zare mafi laushi da nake da shi. Na buɗe gaban tirikon na sa maɗauri, don kada a riƙa lanƙwasa mata hannu wajen sawa. Ruwan ɗorawar nan da ɓawon albasar Madawa na rina shi, ba garin kanti ba. Kada ki ninke su a akwati don kunyar ɗiyar fari, na san halinki. Ki gaida mijinki Sufyanu da Inna.

Yayarki, Adawiyya.

*

Zuwa ga Yaya Adawiyya, gaisuwa da fatan kina lafiya. Saƙo ya iso, Allah Ya saka da alheri, kayan sun zauna mata cif. Sai dai Yaya, ina cikin damuwa. Yarinyar ta fara yin ɗorawa, daga goshi har ƙirji. Inna, uwar Sufyanu, ta duba ta ce, "Wanga rinin yayarki na ya zuba, ku tuɓe mata shi ku bari shi wanke." Matan gida duk sun yarda da ita, har ana dariyar wai an rina jaririya. Mun tuɓe, muna yi mata wanka, amma ban ga ya ragu ba. Barci ya yi mata yawa, nono ma sai na tashe ta. Sufyanu yana fadama wajen albasa, ni kuma ina jego, Inna ta ce ba a fita da ɗanyen jiki kan abin da sabulu zai cire. Don Allah rininki yakan zuba? Ki gafarce ni da tambayar.

Ƙanwarki, Raihanatu.

*

Keita.

Raihanatu, gaisuwa a taƙaice. Na karanta takardarki a tsaye a tasha. Da wata ce ta ce rinina ya zuba, da ta ji bakina, kin sani. Zaren nan na dafa shi da alif mai kama rini kafin ya ga ɓawon albasa, na ɗauraye shi har ruwan ya fito garau. Amma yau, wallahi, ina roƙon Allah a ce ni ce na yi ganganci.

Ki jiƙa farin ƙyalle ki murza hular da ƙarfi. Sannan ki fito da yarinyar haske ki buɗe idonta. Zarena ya taɓa fatarta, amma bai taɓa idonta ba. In ƙyallen ya fito fari, idon kuma da ɗorawa, to ciwon shawara ne, kuma ga bakwaini ba a jira. Ki aika a kira Sufyanu, ku hau motar farko zuwa likita a Madawa. Ki nuna wa Inna ƙyallen da ladabi, ita ma jikarta ce. In ta ƙi, ki ce ni na sa ki, fushin ya hau kaina. Na roƙi Iro ya tsaya ƙofar gidanku har ki gwada. Na ajiye saƙa, ba na iya ƙirga idon saƙa ɗaya daidai.

Adawiyya.

*

Madawa.

Yaya, ina gaisuwa. Ƙyallen ya fito fari tas. Inna ta kalle shi, ta kalli idon yarinyar, sai ita da kanta ta goya ta zuwa mota. An kwantar da ita ƙarƙashin fitilar maganin shawara, tsirara, an rufe mata ido. Lokotoron da ya duba ta ya ce mun zo a makare amma ba mu makara sarai ba. Yau da safe ta kama nono da kanta. Inna na gaishe ki, ta ce ki saƙa wata hular kafin a sallame mu, ki rina da baba ko karan dafi, kowane launi ban da ɗorawa.

Ƙanwarki, Raihanatu.