Nazifi Ya Raba Muryoyina

Daren Asabar, Rano.

Yau a gidan biki a Kibiya na ji kiɗana yana tashi a lasifika. Tun damina nake haɗa shi a fiyano: murya ɗaya ta fara, ta biyu ta amsa, ta uku ta shigo, ba mai taka wata. Aminina Nazifi mai situdiyo kaɗai na kaɗa wa. Ashe ɗauka yake a waya! Ya zubar da murya ta biyu da ta uku, ya ɗora ganga da kirarin ango.

Na tare shi, ya yi dariya: "Haba mutumina, sauran ai hayaniya ce, gyara maka na yi."

Wallahi wannan ta fi satar ciwo. Muryar farko tana ta kira, jama'a na rawa, ni kaɗai nake jiran amsa.