Gurbin da Mama Ardis Ta Bari

Zuwa ga Solveig, sanyin idona, hasken hantsi a kan tafkinmu, wadda zuciyata ke bin jirginta duk inda ya nufa,

Wayyo Solveig! Kwana goma sha tara kina girki a jirgin ruwan dakon ƙarfe, ni ina nan Duluth ina zarya kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai. Wa zai ɗumama mini ƙafa? Wa zai yi mini tsiya in na ƙona miya?

Yau aka kaɗa ƙuri'ar nan, ta ko a rubuta a kundin tsarin mulkin Minnesota cewa mace ba za ta taɓa auren mace ba. Kin tuna ranar da muka tarar da allon "Eh" na masu goyon bayan haramcin kafe a ƙofar gidan mahaifiyarki, Mama Ardis? Matse hannuna kika yi har zoben da kika sa mini ya shiga nama. Shekara goma sha ɗaya Mama Ardis tana kirana "ƙawar Solveig"!

To, ni na kai ta rumfar zaɓe, don gwiwa ta hana ta tuƙi. Raina a ɓace, na ce a zuci yau da motata zan kai a haramta mini aure. Da ta fito tana gyara hular sanyi, sai ta ce, "Ke Darlene, daina kumbura baki. Tambayar nan taku ban taɓa ta ba. Fasto ya ce eh, hannuna ya manta. Tsufa ne."

Tsufa? Matar da ta shekara talatin tana aikin zaɓe! Ba ita ta koya mana cewa a jihar nan, duk wanda ya bar wannan gurbi fari a takardar ƙuri'a, a'a ake ɗauka ya ce ba? Na kifa kai a sitiyari na fashe da kuka, ita kuwa tana faɗa wai in tada mota kafin dankalinta ya ƙone.

Ban san yadda sakamako zai kasance ba, kuma ko mun ci, ba gobe za a ɗaura mana aure ba. Zan jira, ko da furfura ce za ta riga mu. Ki dawo, rabin raina, ina kewarki har cikin ƙashi. Allon ma Mama ta sa na tuge shi, wai yana hana ta sharar ganye. Ranar Lahadi kuma ta ce kujera biyu za ta ajiye mana a teburin abincinta, kusa da juna.

Taki, da takarda ko babu, har ƙasa ta rufe mini ido,
Darlene