Takwararki Ta Iso, Gwaggo

Assalamu alaikum Gwaggo Hajara,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya Kawu Sani da yara, da mutanen Tawa baki ɗaya? Mu nan Kumasi sai godiyar Allah.

Gwaggo, albishirinki: na haihu! Mace ce, lafiyayya, ga kuka kamar ta tashi unguwa.

Maganin nan ne da na ce miki za mu gwada, dashen ƙwai. Likita ya haɗa ƙwaina da iri na maigida a ɗakin gwaji na asibiti, sannan ya mayar mini cikin mahaifa. Limaminmu na Asokore Mampong ya ce halal ne, tunda daga ni sai mijina. Na farko bai zauna ba. Na yi kuka har na ce na haƙura. Maigida ya dawo daga garejinsu na unguwar Magazine, hannu duk baƙin mai, ya ce, "Balki, ba a jefar da mota don ta ƙi tashi sau ɗaya. Mu koma." Muka koma, Allah Ya amsa.

Ranar suna, maƙwabciyar rumfata a kasuwar Kejetia ta ɗauki jaririyar tana jujjuyawa, ta ce, "Wannan ce 'yar da aka haɗa a kwalba?" Surukata ta karɓe jikarta, ta ce, "Dubi hancin nan da kyau. A wace kwalba kika taɓa ganin hancin gidanmu?" Sai guɗa ta tashi.

Sunanki ta ci, muna kiranta Ummi. Ki sa mata albarka, ki roƙa mana Allah Ya raya ta. A gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Balkisu, yau Maman Ummi