Karan da Na Soka a Jinkar Ɗakin Mahaifiyarku

An zuba wa Seabata ruwa! Mace ce! Malineo matarsa ta sauka lafiya ranar Talata da hantsi, kuma yarinyar tana da murya irin ta kakarta in awaki sun faɗa lambu. Ni da hannuna na zuba masa ruwan, daga kan gado, da kofin da nake shan magani, tunda ba maƙwabcin da ya zo ya yi masa wannan albishir yadda aka saba in an haifi mace. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, ban damu ba. Sunanta Lineo.

Kun ga murna ta sa ban gaishe ku ba. Tlali babban ɗana, Seabata ƙanensa, Lisebo autata, ina gaishe ku.

Ni ne Ramaili ɗan Sekoati, na ƙauyen Ha Rantsane, shekaruna saba'in da huɗu. Ina wannan rubutu da hankalina cikakke, ban sha komai ba, ba kuma wanda ya tsaya a kaina. In layi ya karkace ku yi haƙuri, sai da na kai sittin da takwas na shiga makarantar yamma ta coci na koyi riƙon biro. Ƙurar ramin zinariya ta shekara ashirin da biyu ta cinye huhuna, likita kuma ta ce ba zan ga askin tumakin bana ba. Na yarda da ita. Ga abin da nake so a yi.

Na ɗaya. Ɗakin mahaifiyarku, zagayayyen nan mai jinka, na bar wa Lineo da uwarta. Kafin Asabar a fitar da komai: bokitan shuka, fitilu, fanka, wayoyi, da takarda mai ƙyalli da aka liƙe taga da ita. Lisebo ta nemi izini a masaƙar da take aiki ta zo ta yi daɓe, ta yi zanen bango irin na uwarta. Ba za a sake dasa wiwi a ɗakin nan ba, ko tushe guda. Yau kwana tara mai jego tana kwance a madafa cikin hayaƙi, domin ta ce ƙafarta ba za ta taka ɗakin ba muddin warin nan yana ciki. Tana da gaskiya.

Kada ku ɗauka na juya wa wiwi baya don na ga kabari. Kakanku ya noma ta, ni ma na noma ta tsakanin masara a kan tudu, jakuna suka yi ta hawa da ita dutse. Ita ta kai Tlali makaranta, ita ta sayo wa uwarku bargon da aka binne ta da shi. Amma zamani ya juya. Masu saye suka fara shinshina tamu suna taɓe baki, wai ta birni wadda ake renonta a ɗaki ƙarƙashin fitila ta fi ƙarfi. Buhun da yake ciyar da gida rabin shekara ya koma ba ya kai mu wata biyu. Da aka jawo mana lantarki, Seabata ya dawo daga Bloemfontein da iri a aljihu da wata 'yar takarda mai hotuna. Shi karatunsa bai yi nisa ba, ni kuwa sabon mai karatu, ko kwalin shayi na gani sai na karanta shi da ƙarfi. Na sa tabarau na karanta masa cewa ƙaramin ɗaki yana iya ba da amfanin babbar gona in an jera ƙananan tsirrai kusa da juna. Takardar ta faɗi adadi. Ni na ce a ninka. Seabata ya ce, "Baba, ina za su sha iska?" Na ce masa, "Kai da ba ka gama aji huɗu ba za ka koya mini? Mu goma sha shida muka kwana ɗaki ɗaya a barikin ma'adinai, ga ni nan da raina." Na manta cewa a ɗakin nan ne mutum ɗaya ya yi tari, kafin shekara ta zagayo mu tara muna yi.

Na biyu, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Shekara biyu ke nan ƙauye yana tsine wa Seabata da matarsa a kan karan ƙarya. Ku sani, ni na soka karan.

Zan faɗe shi a jere, don Lisebo ba ta nan lokacin, abin da ta ji daga bakin mutane ne. Malineo tana da cikin wata bakwai, cikin ya zube. Namiji ne, bai yi numfashi ba. Muka sa shi a tukunyar ƙasa muka binne a jujin toka bayan gida, ba wanda ya sani sai mu uku. A makon nan ne tsirran suka fara fure, wari yana fita har hanya, ga labari ya zo cewa 'yan sanda suna bin ƙauyuka gida gida. Kun san in an soka kara a jinka, alamar jego ce, namiji ba ya ƙetare ƙofar nan har wata uku, ko ɗan sanda ne ko ɗan aiken sarki. Na tafi bakin rafi na yanko kara, na taka turmi na soka. Seabata ya riƙe ƙafar wandona yana cewa, "Baba, wannan ba a wasa da shi." Na ce ya sake ni. Na fita na gaya wa mata cewa an haihu bakwaini, likita ta hana kowa shiga, ko mace.

Malineo ta zauna a ɗakin nan kwana arba'in da ɗaya. Ba wurin miƙe ƙafa, bokitai sun cika ko'ina, fitila tana dukan idonta, nononta yana zuba ba mai sha. Matan ƙauye kuwa suka yi abin da mutanen kirki suke yi. Kowace safiya ga bokitin ruwa a ƙofa, ga itace, ga kunun dawa da zafinsa. Iya Mampe, wadda ta karɓi haihuwarku dukanku uku, tana hawo tudu da sandarta ta tsaya ta bayan taga tana cewa, "'Yar nan, ki dage da kunu, bakwaini sai da nono." Ina zaune a rana ina jin ta. Na sha daga kunun nan.

Kuma duk a banza. Ganye ya haɗe da ganye, raɓa ta kwanta, fumfuna ta kama tushe ɗaya a tsakiya inda hannu ba ya kai wa, cikin kwana huɗu ta bi ɗakin duka. Ko cikin hula ba mu tsira da shi ba. Ranar Ista Tlali ya zo daga Hlotse da kayan jarirai, matarsa ta tura ƙofa da ƙarfinta ta shiga, ta fito tana ihu. Sauran kun sani. Tlali ya fizge karan a gaban jama'ar da suka taso daga coci, ya kira ƙanensa kare mai cin gawar ɗansa, Seabata ya ɗaga kulki ya karya masa hannu. Ina tsaye a wurin. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta kashe wutar, sai na kama tari, na bar tarin ya yi tsawo har kowa ya watse. Seabata bai taɓa tona ni ba. Malineo ma haka, kuma ita take wanke mini tsumman da nake tofa jini a ciki.

Ina so Tlali ya karanta wannan sashe da bakinsa a ƙofar sarki ranar taro. Kada ya tsallake layi don ya rufa mini asiri. An rufa ya isa.

Na uku. Gonar kan tudu ta Tlali ce, ta bakin rafi ta Seabata. Tumaki goma sha tara ku raba, Lisebo ta fara zaɓen biyar, kuma kada wani ya ce mata mace ba ta gadon dabba. Dokina ya tsufa, kada a sayar, a bar shi ya mutu a gida. Littafina na makarantar yamma da tabarau a ajiye wa Lineo.

Na huɗu. Tsohon irin kakanku yana cikin gwangwanin madara a saman katanga. Ban ce ku shuka ba, ban ce ku zubar ba, ku manya ne, kun kuma san abin da doka ta ce. Amma duk abin da za ku shuka a duniya, ko masara ko 'ya'ya, ku bar masa wurin da iska za ta ratsa. Kwaɗayi ne yake matse abu. Na matse tsirrai, na matse surukata a cikinsu, na matse ɗana tsakanin ubansa da gaskiya.

Na biyar. Matan ƙauyen nan sun ɗebo mana ruwa kwana arba'in da ɗaya a kan ƙarya. Gidaje shida ne, Malineo ta san su. Tlali da Seabata za su mayar musu da ruwansu, daga rijiya zuwa ƙofar kowace, a kansu, da rana tsaka, ba a kan jaki ba. Na san za a yi muku dariya, ƙattin maza da bokiti a ka. A yi. Da ƙafafuna suna ɗaukata da ni zan yi gaba. Ku fara da gidan Iya Mampe, in ta zage ku ku ce na gode. In ta watsa muku ruwan ku koma ku ɗebo wani.

Na shida. Tlali, hannunka ya ɗore a karkace, na gani ranar da ka zo asibiti ka tsaya a bakin ƙofa don ƙanenka yana ciki. Ba zan ce ka manta ba. Amma kalmar da ka jefa masa ta fi kulkin nauyi, ga shi ba a kan mai laifin ta sauka ba. Seabata, kai ma ka daki yayanka a gaban mutane. Kowa ya kawo tunkiya ɗaya, a yanka a tsakar gida, ku ci a akushi ɗaya. Kulkin a sa shi a wutar da za a dafa naman. In kun jira sai ranar jana'izata, ban yafe ba.

Na bakwai. Yaron da ke jujin toka ba shi da suna, ba wanda ya yi wa uwarsa ta'aziyya. A kira fada daga coci ya yi addu'a, a kafa dutse, uwarsa ta ba shi sunan da take so. Mata su zo su zauna da ita su yi kukan da aka hana ta. Ni kuma kada a yanka bijimi a kaina. Akwatin katako ya isa, a naɗe ni da tsohon bargona.

Malineo, 'yata, ba ni da abin da zan bar miki da ya kai abin da na karɓe. Ina roƙonki gafara a rubuce, don ya zauna bayan bakina ya rufe.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Ya ba ku ruwan sama a kan kari, ya tsare ku daga rami da ƙurarsa. Ku riƙe juna. Tlali, kai ne uba yanzu, kada ka bari gidan nan ya zama wurin da ake nunawa da baki daga hanya. Lisebo, in sun fara, ki tsaya a tsakaninsu kamar yadda uwarku take yi.

Saura abu ɗaya. Seabata ya soka kara a jinkar madafa tun ranar haihuwar, na gaskiya wannan karon. Kwana tara ba bokiti ɗaya a ƙofa. Jiya Iya Mampe ta wuce ta hanya, ta ɗaga kai ta dubi karan, ta ce da ƙarfi don in ji, "Bana kuma fure nawa aka haifa?" Ba na ganin laifinta. Amma ba zan mutu in bar jikata a ƙauyen da bai yarda an haife ta ba.

Don haka na tambayi Malineo, ta amince. Ranar Asabar da hantsi, in an gama daɓe, Malineo da jaririya sun koma ɗakin mahaifiyarku, a ɗauke ni a kujera a ajiye a ƙofar ɗakin. Ni na ɓata karan, ni zan sa a sauke shi, al'ada ta yi mini haƙuri sau ɗaya. A buɗe ƙofa da taga. Lisebo, ki bi gida gida ki faɗa, ki kai har ƙetaren rafi. Mata su zo, maza su zo, sarki ya zo, ɗan sanda ma in ya ga dama. Kada kowa ya kawo komai. Ku shiga ku duba bayan gado da ƙarƙashinsa, ku shinshina bango. Sannan ku ɗaga bargo. Tana da gashi cike da kai, tana da yatsu goma, na ƙirga sau uku, kuma in an taɓa ƙafarta tana tsala ihun da ake ji har rijiya. Iya Mampe, ke za ki fara ɗaukarta. Ku zo ku gani, jama'a, don Allah ku zo ku gani.